Hamsatu Allamin: Malamar da ta nemi zaman lafiya ta hannun iyaye mata, da darasin da ke ciki ga Ƙaraye da Rogo

Duk lokacin da aka kira taron tsaro a wata ƙaramar hukuma a Arewacin Najeriya, sanannu ne waɗanda za su cika kujeru: shugaban ƙaramar hukuma, hakimi da dagatai, baturen 'yan sanda, limamai, shugabannin 'yan banga, sai wakilan manoma da na makiyaya. Da wuya a ga mace a wurin, in ma an gan ta, to galibi ta zo ne a matsayin wadda aka kashe wa miji ko aka sace wa ɗa. Alhali a cikin gida uwa ce ke fara lura idan ɗanta ya soma kwana a waje, ko ya sauya abokai, ko ya shigo da kuɗin da ba a san tushensu ba.

A kan wannan giɓi ne Hajiya Hamsatu Allamin ta gina aikinta a Maiduguri, a shekarun da rikicin Boko Haram ya fi ƙamari. Tarihinta ya shafi Borno, amma amfaninsa ya fi yawa ga yankunan da wutar ba ta riga ta ci ba, kamar Ƙaraye da Rogo a yammacin Jihar Kano, waɗanda ke maƙwabtaka da wuraren da 'yan bindiga suka addaba.

Wace ce Hamsatu Allamin?

An haife ta a shekarar 1958, kuma 'yar asalin Jihar Borno ce. Ta karanta harshen Ingilishi a Jami'ar Maiduguri, sannan ta shafe shekaru masu yawa a aikin koyarwa da harkar ilimi kafin sunanta ya fito a fagen sasanta rikici. Ta kasance cikin jagororin Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Najeriya, wato FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985 ƙarƙashin jagorancin marigayiya Hajiya Aisha Lemu.

Waɗannan abubuwa biyu, koyarwa da aikin ƙungiyar mata ta addini, su ne jarin da ta shiga fagen da shi. Malama ta san iyayen ɗalibanta, ta san unguwannin da yara ke barin makaranta. Mace mai wa'azi kuma tana da izinin shiga gidajen da namiji baƙo ba ya wuce zaurensu, balle jami'in tsaro.

Yadda rikicin ya same ta

A ƙarshen watan Yulin 2009 aka gwabza tsakanin jami'an tsaro da mabiyan Muhammad Yusuf a Maiduguri da wasu garuruwan Arewa, aka kashe ɗaruruwan mutane, shi kansa jagoran ya mutu a hannun 'yan sanda ranar 30 ga watan. Mutane da yawa sun ɗauka an gama. Sai ga shi a watan Satumban 2010 ragowar mabiyan sun fasa gidan yarin Bauchi, daga nan kuma suka shiga kashe 'yan sanda, masu unguwanni, malamai da 'yan siyasa ɗaya bayan ɗaya a cikin Maiduguri.

A 2011 Gwamnatin Tarayya ta tura rundunar haɗin gwiwa ta JTF. Mazauna birnin suka tsinci kansu tsakanin wuta biyu. Maharan kan harbi soja su ɓace cikin lungu, jami'an tsaro kuma su killace unguwar baki ɗaya su kwashe samarin da suka tarar. Wanda ya tona asirin maharan sai a bi shi har gida, wanda ya yi shiru kuma a ɗauke shi a matsayin mai ɓoye su.

Rahoton da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Amnesty International ta fitar a watan Yunin 2015 ya ce an kama aƙalla mutum 20,000 a Arewa maso Gabas, kuma fiye da 7,000 sun mutu a tsare tun daga watan Maris na 2011. Rundunar sojin Najeriya ta musanta rahoton. Ko da wane ɓangare mutum ya gaskata, abin da ba a jayayya a kai shi ne dubban gidaje sun wayi gari babu mazajensu, kuma babu ofishin da za a je a tambayi inda suke.

Shiga unguwannin da ake gudu

A lokacin da masu hali ke kwashe iyalansu daga unguwannin da ƙungiyar ta yi ƙarfi, Hamsatu Allamin ta riƙa shiga cikinsu tana zama da iyaye mata da matan auren samarin da suka ɗauki makami. Tambayarta mai sauƙi ce: me ya kai 'ya'yanku ga wannan hanya, kuma me zai dawo da su?

Abin da ta fahimta, wanda ta sha nanatawa a tarurruka a gida da waje, shi ne aƙida ba ita kaɗai ke jan samari ba. Akwai talauci da rashin karatu, akwai tilastawa, akwai kuma ramuwar gayya. Yaron da ya ga an ƙone gidansu ko an tafi da yayansa ba tare da laifi ba, ba ya buƙatar dogon wa'azi kafin ya bi wanda ya miƙa masa bindiga. Hukuncin gama-gari, wato a kama unguwa guda saboda laifin mutum biyu, ya zama wata hanyar da ƙungiyar ke samun sababbin mayaƙa.

Ta kuma ga cewa matan nan, waɗanda maƙwabta ke ƙyama jami'an tsaro kuma ke zargi, su ne kaɗai suka rage da ke iya magana da samarin a saurare su. Ɗan da ya daina jin maganar limami da mai unguwa yana iya ɗaga waya idan mahaifiyarsa ce ta kira.

Wannan aiki yana da hatsari ta fuska biyu. Mai zama da iyalan mayaƙa tana iya faɗawa cikin zargin hukuma, mai kira ga ajiye makami kuma tana iya zama abin farautar mayaƙan. Abin da ya ba ta kariya shi ne mutunci da sanayya da ta tara tun kafin rikicin, da kuma yadda ta riƙa faɗin laifin kowane ɓangare a fili.

Daga baya ta zama jami'ar da ke kula da Arewa maso Gabas a shirin NSRP, wani shirin wanzar da zaman lafiya da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, wanda ya yi aiki a jihohi takwas, ciki har da Borno, Yobe, Kano, Kaduna da Filato. Ta wannan kafa ta taimaka wajen haɗa ƙungiyoyin farar hula da na mata na Borno da Yobe a inuwa guda domin su riƙa magana da murya ɗaya.

Ta kuma tunkari ainihin da'awar da ƙungiyar ta yi suna da ita. Ta hanyar shirye-shiryen rediyo da malaman addini ke amsa tambayoyin masu sauraro, da darussan zaman lafiya a makarantun Islamiyya, ta yi ta yayata taken "Boko Halal", domin nuna cewa neman ilimin zamani bai saɓa wa Musulunci ba. Hikimar ita ce raddin ya fito daga bakin malaman da jama'a suka yarda da su, cikin harshen da suke ji.

Daga Chibok zuwa zauren Majalisar Ɗinkin Duniya

Ranar 14 ga Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Chibok. Ƙungiyoyin matan Borno da Hamsatu Allamin ke cikinsu na daga cikin waɗanda suka fara fitowa fili a Maiduguri suna neman a ceto yaran, a lokacin da wasu ke shakkar ko satar ta auku ma.

Shekara guda bayan haka, a watan Afrilun 2015, ta yi jawabi a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, a madadin ƙungiyoyin farar hula, yayin muhawara kan cin zarafin mata a wuraren yaƙi. A 2016 kuma Cibiyar Zaman Lafiya da Adalci ta Joan B. Kroc da ke Jami'ar San Diego a Amurka ta zaɓe ta cikin matan da take gayyata kowace shekara domin a rubuta tarihin gwagwarmayarsu.

Kiran da take yi na a sa mata cikin sha'anin sulhu yana da madogara a dokokin duniya. Ƙuduri mai lamba 1325, wanda Kwamitin Sulhu ya zartar ranar 31 ga Oktoban 2000, ya buƙaci ƙasashe su ba mata gurbi wajen hana rikici da sasanta shi. Najeriya ta fitar da tsarinta na aiwatar da ƙudurin a 2013, ta sabunta shi a 2017. Matsalar ita ce irin waɗannan takardu sukan tsaya a Abuja da manyan biranen jihohi, ba su cika isa fadar dagaci ba.

Matan da ke neman mazajensu

Kashi na biyu na aikinta ya zo ne ta Gidauniyar Allamin ta Zaman Lafiya da Ci-gaba, wadda ta kafa a Maiduguri. Gidauniyar ta tallafa wa matan da rikicin ya raba da mazajensu da 'ya'yansu su haɗa kansu. Daga cikinsu akwai ƙungiyar Knifar, ta matan da suka gudo daga ƙauyukan yankin Bama aka tsare mazajensu a matsayin waɗanda ake zargi, da kuma gamayyar Jire Dole ta iyalan waɗanda suka ɓace ko ake tsare da su.

Makamin waɗannan mata shi ne rubuta suna. Yawancinsu ba su yi karatun boko ba, amma sun tattara sunayen waɗanda aka tafi da su, da ƙauyukansu, da lokacin da aka kama su, suka kai koke ga hukumomi, ciki har da kwamitin bincike da Fadar Shugaban Ƙasa ta kafa a 2017 kan zargin take haƙƙin ɗan'adam a ayyukan soji. Kukan mace guda ana iya share shi da cewa jita-jita ce. Jerin sunaye ɗaruruwa da ranaku kuwa dole ne a ba shi amsa.

Girman matsalar ya fito a alƙaluman ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, wadda ta bayyana a 2019 cewa tana da rajistar mutum kusan 22,000 da suka ɓace a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a littafinta a lokacin. Bayan kowane suna akwai macen da ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba, da gadon da ba a raba ba, da yaran da ke tashi da ƙullin zuciya.

Gidauniyar ta kuma yi aiki da matan da suka fito daga hannun ƙungiyar, waɗanda wasunsu suka dawo da 'ya'yan da suka haifa a daji, dangi suka ƙi karɓar su. Wannan fanni ya ƙara muhimmanci bayan mutuwar Abubakar Shekau a watan Mayun 2021, lokacin da dubban mayaƙa da iyalansu suka riƙa miƙa wuya a Borno.

Me ya haɗa wannan da Ƙaraye da Rogo?

Ƙaraye da Rogo ƙananan hukumomi ne na noma da kiwo. Suna mazaɓa guda a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma su biyun ne suka haɗu suka zama Masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu a dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, bayan rushe masarautun da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro a 2019. A Ƙaraye ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992. Rogo kuwa tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, waɗanda suka daɗe suna fama da satar shanu da garkuwa da mutane domin kuɗin fansa.

Barazanar da ke fuskantar wannan yanki ta bambanta da ta Borno. A nan ba da'awar addini ce ke gaba ba. Abin da ake fargaba shi ne kwararowar 'yan bindiga daga maƙwabta, da masu kai musu rahoto daga cikin gari, da shaye-shayen matasa, da kuma tsohuwar taƙaddamar manomi da makiyayi, wadda kan taso da kaka idan dabbobi suka shiga gona kafin a kwashe amfani, ko da rani idan lambu ya toshe hanyar mashaya, ko aka nome burtali. Gwamnatin Kano ta taɓa neman magance ɓangaren kiwo da matsugunin makiyaya da ta soma ginawa a dajin Dansoshiya da ke Ƙiru, maƙwabciyar ƙananan hukumomin biyu.

Sai dai akwai abu guda da ya yi kama. A Zamfara da sassan Katsina, rikicin da ya soma da satar shanu da rigimar gona ya rikiɗe ya zama yaƙi ne lokacin da 'yan sa-kai suka fara hukunta Fulani a kasuwanni da rugage ba tare da tantance mai laifi ba, su kuma 'yan bindiga suka riƙa ɗaukar fansa a kan ƙauyuka baki ɗaya. Hukuncin gama-garin da Hamsatu Allamin ta gani a lungunan Maiduguri shi ne ya sake bayyana a can da wata riga. Duk yankin da ke son kauce wa wannan rami, dole ne ya hana a kai ga matakin da za a ce kowane Bafulatani ɓarawo ne, ko kowane ɗan banga makashi ne.

Abin da za a iya ɗauka

Darasi na farko shi ne a nemi matan da suka riga suka zama gada. A karkarar Kano babu wanda ke ratsa tsakanin ruga da gari kullum kamar mai tallan nono. Tana shiga gidajen manoma har tsakar gida, tana da ƙawaye da abokan ciniki na shekaru, tana bayar da bashi tana karɓa. Ranar da ta daina zuwa wani ƙauye, ko matan gari suka daina sayen nononta, alama ce cewa wani abu ya lalace tun kafin labari ya kai ofishin 'yan sanda. Haka ungozoma, da malamar Islamiyyar matan aure, da uwar adashi, da jami'ar lafiya da ke zagayen rigakafi gida-gida. Kowace daga cikinsu tana jin abin da ba a faɗa a zauren dagaci.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, wato mata jagorori, su riƙa kai ilimi ga matan ƙauyuka a zamanin da al'umma ke farfaɗowa daga yaƙe-yaƙe. Wanda ya ce shigar mata sha'anin gyaran al'umma aƙidar Turawa ce, tarihin Sakkwato ya ishe shi amsa.

Darasi na biyu shi ne a ba su kujera ta dindindin. Kano na da hanyoyin sulhu da suka kafu: mai unguwa, dagaci, hakimi har zuwa fadar sarki, ga Hukumar Hisbah da aka kafa da doka a 2003, wadda ke da jami'ai mata da ke sasanta rigingimun aure. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa wannan zuwa kwamitocin tsaro da na sasanta manoma da makiyaya, ta yadda za a samu wakiliyar matan gari da ta matan ruga a kowace gunduma. Inda al'ada ba ta bari mata su yi magana a gaban maza ba, ana iya yi musu zama na daban, a kai sakamakon ga hakimi.

Na uku shi ne rubutu. Kowace gona da aka yi wa ɓarna, kowace saniya da aka sace, kowane mutum da 'yan banga suka kama da inda aka kai shi, a rubuta da suna da rana. Rikici yakan girma ne a inda kowane ɓangare ke ƙirga nasa asarar kaɗai. Littafi guda a fadar dagaci, wanda kowa zai iya dubawa, yana rage ƙarin gishiri, yana kuma sa a biya diyya tun abin bai zama gaba ba.

Na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne kada a yanke hulɗa da iyalan wanda ake zargi. Idan aka gano wani saurayi yana kai wa 'yan bindiga rahoto, abin da aka saba shi ne a ƙaurace wa gidansu, a daina zuwa bikinsu da sunansu. Hakan na iya sanyaya zuciya, amma yana tura ƙannensa ga hanyar da ya bi, yana kuma rufe bakin uwar da wataƙila ita ce za ta fara kai ƙara. Uwa ba za ta tona asirin ɗanta ba matuƙar ta tabbata kashe shi za a yi ba tare da shari'a ba. Idan ta san kotu za a kai shi, tana iya yin magana domin ta cece shi.

Iyakar darasin

Ya kamata a bambanta wannan aiki da yarjejeniyar sulhu da gwamnatoci ke ƙullawa da shugabannin 'yan bindiga. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta gwada irin wannan a Katsina a 2016 da 2019, ta Bello Matawalle ma ta gwada a Zamfara a 2019, kuma hare-hare suka dawo bayan ɗan lokaci. Waccan ciniki ce tsakanin masu mulki da masu makami. Aikin Hamsatu Allamin kuwa ya fi karkata ga hana sababbin yara shiga, da nema wa waɗanda aka zalunta haƙƙinsu, da shirya al'umma ta yadda za ta iya zama da wanda ya tuba.

Haka kuma bai maye gurbin aikin jami'an tsaro ba. Zaman iyaye mata ba zai tare mahara a kan babura da tsakar dare ba, kuma rikicin Borno bai ƙare ba har yau duk da ƙoƙarin irin su Hamsatu. Akwai ma waɗanda aka kashe wa 'yan uwa da ke ganin duk wata kulawa da iyalan mayaƙa rashin adalci ce gare su, kuma ƙorafinsu abin saurare ne. Shi ya sa gidauniyarta ta haɗa ɓangarorin biyu a aikinta, waɗanda ƙungiyar ta cutar da waɗanda aka cutar da sunan yaƙi da ita.

Akwai kuma batun kare matan kansu. Macen da aka san tana kai bayani ga hukuma rayuwarta na cikin hatsari, don haka duk tsarin da zai mayar da mai tallan nono ko malamar Islamiyya 'yar leƙen asiri zai rusa amanar da ta sa take da amfani tun farko. Matsayinsu na masu shiga tsakani ne da masu gargaɗi, kuma wajibi ne hakimai da jami'an tsaro su riƙe sirrin abin da aka faɗa musu.

Hamsatu Allamin ta fara nata aikin ne bayan an riga an zubar da jini, lokacin da kowane gida ke da gawa ko ɓataccen da yake nema. Ƙaraye da Rogo suna da damar da Maiduguri ba ta samu ba, domin har yanzu manomi da makiyayi na haɗuwa a kasuwa ɗaya, matansu na gaisawa. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Matakin farko bai buƙatar kasafin kuɗi: majalisar masarauta da shugabannin ƙananan hukumomin biyu su umarci kowane hakimi ya gabatar da sunayen matan da za su zauna a kwamitin sulhu na gundumarsa kafin kakar bana ta shigo.